Wai likitoci ne ke gaggawar yi wa mata tiyata, ko mu ne ke kai su a makare?

Abu Sadik: Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, yau dai sai na amayar da ita ko da za a yi mini ca. Wai me ya sa yanzu da mace ta shiga asibiti haihuwa sai ka ji an ce a kawo jini, a sa hannu, za a shiga da ita tiyata? A layinmu nan Arkilla cikin Sakkwato, masu jegon bana kusan duk wadda aka je wa barka sai a ce aiki aka yi mata. Iyayenmu sun haifi goma, sha biyu, a ɗaka, bisa gwiwa, ba wanda ya taɓa su da wuƙa. Matan ne suka canza ko hannun likitoci ne ke ƙaiƙayi? Ni dai ina zargin harkar kuɗi ce, musamman a asibitocin kuɗi.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Malam Abu Sadik, iyayen da kake lissafawa ai waɗanda suka rayu ne. Ka samu Hajiyarku ranar da take cikin nishaɗi, ka tambaye ta sa'o'inta nawa suka tafi da ciki a jikinsu, nawa jini ya ɓalle musu aka rufe su kafin suna. Za ta jero maka su da sunayensu. Kuma goman da ake cewa an haifa, nawa suka zo da rai? Ni biyu aka ciro mini, ga su nan suna ta ƙiriniya, Alhamdulillah.

Abu Sadik: Allah ya raya su. Amma Hajiya kin tsallake batun kuɗin.

Likitan Mabera: Bari in sa baki tunda sana'ata aka taɓo. Abu Sadik, ba zan dafa Alƙur'ani in ce maka babu mai yi don kuɗi ba. A duniya ma an san da wannan: a Barazil da Masar fiye da rabin haihuwa ta tiyata ake yi, kuma asibitocin kuɗi ne kan gaba. Amma mu namu ciwon ta ɗaya gefen yake. Tun 1985 masana lafiya ke ƙiyasin cewa haihuwa 10 zuwa 15 cikin 100 za su buƙaci tiyata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Najeriya waɗanda ake yi wa ba su cika 3 cikin 100 ba. A nan Arewa maso Yamma kuwa haihuwa 16 cikin 100 ne ma aka yi su a asibiti. Layinku layin ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu mota a ƙofar gida, shi ya sa kake ganin abin da yawa. Leƙa ƙauyukan Tangaza ko Gudu ka ƙirga. To in 10 ke buƙata 3 suka samu, sauran fa? Da yawansu suna cikin mata wajen 75,000 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sun rasu a Najeriya a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya ke nan.

Baba Direba: Likita gaskiya ka hwaɗi. Ni na san inda sauran suke, don motata ta ɗauke su. Tun ina da baƙin gashi nika bin hanyar Illela. Ba a nemanmu sai abu ya ɓaci. Mace ta kwana biyu tana naƙuda, an ba ta rubutu, an jiƙa mata maganin zaƙi, an kira mai kemis ya yi allura, sai dare na ukku a bugo maka ƙohwa. Ka kwantar da kujerar baya, a shimhiɗa tabarma da leda, tsohi biyu su riƙe ta, mijin na gaba yana lissahin kuɗɗin mai. Wata ko nishi ba ta yi, leɓɓa sun bushe sun tsage. Wata hannun ɗan ya riga ya hito, ya kumbura ya yi baƙi, an ruhe shi da zane. In anka iso birni anka yi aiki ba ta tashi ba, sai a koma ƙauye a ce likita ya yanke ta ta mutu. Gobe ka ce a kai wata, a ce maka a'a, kai ba ka ga abin da ya samu wance ba?

Sista Mai Dare: Baba, Allah ya saka da alheri, ka rage mini rubutu. Mu da muke karɓarsu a bakin ƙofa mun sani. Wadda aka tsara wa aiki tun wurin awo, ta zo da ƙafarta da safe, jininta a ajiye, wannan daban take da wadda aka sauko da ita ranga-ranga ƙarfe uku na dare. Suna ɗaya ne, tiyata, amma ba aiki ɗaya ba ne.

Bari in faɗi abin da ke faruwa a ciki, don maza su ji. Bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin ɗa ya wuce. In kan ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ɗan ya kwanta a gicciye, to ko kwana bakwai za ta yi ba zai fito ba. Mahaifa kuma ba ta san haka ba, matsawa kawai take yi. Kan ɗan ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki ya zube, sai fitsari ya kama bin ƙafa. Yoyon fitsarin ke nan da ake ɗinkewa a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha nan cikin gari, da Babbar Ruga a Katsina inda Dakta Kees, likitan nan ɗan ƙasar Holan, ya ƙarar da shekarunsa yana wannan aiki. Mafi yawansu ɗan ma ba su samu ba. Wasu har ƙafa ke shanyewa, sai dai jan ta.

Sai allurar naƙuda ta kemis. Don Allah ku yi mana magana da 'yan uwanku a ƙauye. Maganin gaskiya ne, mu ma da shi muke aiki, amma cikin ƙarin ruwa, ɗigo-ɗigo, muna sauraron bugun zuciyar ɗa. A danna wa mace shi a cinya alhali hanya a toshe take, mahaifa fashewa take yi. Kuma abin ya fi samun manya masu haihuwa bakwai, takwas, waɗanda ke cewa su ai sun saba. Mahaifar da ta ɗauki ciki da yawa kamar zanen da ya sha wanki ne, ja kaɗan ke yaga shi.

Inna ta Kanwuri: Jikata ka rubuta min wanga. Ɗiyata Sista, na ji bayaninki. Amma ku ma ku hwaɗi gaskiya, yaran yanzu ba su da haƙuri. Ciwo kaɗan sai kuka, sai a kira miji a waya, abin kunya. Mu ɗan hwari ko tari ba ka ji, sai dai a ji kukan jinjiri. Tara ni haihwa, ungozoma cibiya kawai taka yankewa. Kuma an ce wadda anka yi wa hiɗa ukku taka yi a ɗaure mahaihwa. Wa ka son ɗiyatai ta tsaya ga ukku ga kishiya na zubawa?

Sista Mai Dare: Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Allah ya ba ki ƙugu mai faɗi da 'ya'ya masu zuwa da ka, wannan baiwa ce, ba kowa ya samu ba. Amma kunyar nan ta ɗan fari tana cinye mana yara. Yarinya 'yar sha biyar, an kai ta goyon ciki, naƙuda ta kama ta tun magariba ta shige ɗaki ta ciji zane don kar a ce ba ta da kunya. Kafin uwar ta farga gari ya waye sau biyu. Ita kuma ƙashinta bai gama buɗewa ba.

Maman Ilham: Inna ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ranar da aka sallamo ni na fari, wata cikin dangin miji ta zo barka, ta ɗaga yaron ta ce, “Oh, ɗan wuƙa, uwarka ta ji tsoron nishi.” Aka yi dariya. Ina kwance, ko tari na yi sai na riƙe matashi a ciki don zafi. Wai ni ce raguwa. Da na san maganar da ke jirana, wallahi da wataƙila na yi gardamar sa hannu, kuma mabiyiya ce ta tare bakin mahaifa. Irin wannan ba a ma gwada naƙuda, jini ne zai ƙare.

Uwargidan Runjin Sambo: Ni fa kar a wanke ma'aikata tas. Akwai asibitin da na je haihuwa ta uku, ba zan kama suna ba, wata ta daka mini tsawa wai lokacin da nake jin daɗi ita na kira? A gaban uwar mijina. Mace ta ji wannan sau ɗaya, gobe ko ana mutuwa gida za ta zauna. Sista ku gyara.

Sista Mai Dare: Hajiya ba ki yi ƙarya ba, akwai masu bakin nan a cikinmu kuma ba ni kare su. Sai dai wani dare mu biyu ne a kan ɗaki cike, ga mai jijjiga, ga mai zubar jini, ga wuta an ɗauke ana haskawa da waya. Ba uzuri ba ne, amma ku haɗa da gwamnati a cikin faɗan.

Ɗan Sabon Birni: Ni nawa tsokacin kan sa hannu ne. Mu a gabas kun san halin da ake ciki, in rana ta faɗi ba mai hawa hanya, sai a jira asuba da mace a cikin ciwo. Wannan jinkiri ɗaya. Na biyu, matar ƙanen babana aka kawo, mijin yana ci-rani a Legas, waya ba ta shiga. Likita ya ce aiki yanzu-yanzu. Wan mijin ya ce shi ba zai ɗauki alhakin matar wani ba. Ubanta ya ce ai ya riga ya aurar, ba shi da iko. Aka yi cirko-cirko a baranda, kowa na kallon takarda kamar za ta cije shi, har la'asar. Ita ta tashi, ɗan bai zo da rai ba. Likita, wai dole sai miji?

Likitan Mabera: Ba dole ba ne. Mace baliga mai hankalinta, ita ke da haƙƙin sa hannu a kan aikin da za a yi a jikinta, ko da dangwala yatsa ne. In kuma ba ta cikin hayyacinta, ga rai na shirin fita, ba wanda za a tambaya, likita na da hurumin ceton ta. Abin da ke sa muke neman miji biyu ne: tsoron rigimar da za ta biyo baya, da kuma su matan da kansu. Ka miƙa mata takarda ta ce, “Sai Malam ya zo.” Ta fi tsoron sakin da zai biyo baya a kan mutuwar da ke gabanta.

Abu Sadik: To fa. Wato in dawo daga kasuwa in tarar an farke cikin matata ban sani ba? Likita wannan kuma ba tarbiyyarmu ba ce. Ni ne zan biya, ni ne zan yi jinya, ni ne uban ɗan.

Maman Ilham: Cikin kuma na wa?

Abu Sadik: Hajiya kar ki mai da shi faɗan maza da mata.

Maman Ilham: Ba ni na mayar ba. Kai ka ce a jira ka. In kana Illela sayen albasa, waya ba sabis, jini na zuba, a jira ka ko kar a jira?

Malam na Gidan Igwai: A yi haƙuri da juna. Abu Sadik, haƙƙinka na miji yana nan, ba wanda ya ƙwace. Amma tsare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don kiyayewa, kuma Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada ku jefa kanku cikin halaka da hannuwanku. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Mu nan bai kamata a ji muna gudun likita ba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce kan magunguna. Ina jin wasu na kafa hujja da cewa wadda ta rasu wurin haihuwa ta yi shahada. Haka ne, ita ta samu. Wanda ya hana a kai ta kuma nasa hisabin daban. Shawarata mai sauƙi ce: tun ciki na wata bakwai ka tara mahaifiyarka da matarka da wani namiji da ka yarda da shi, ka ce in ba na nan, abin da likita ya ce a yi, na yarda. Ka ga izininka ne aka bi, ba a kuma jira ka ba.

Abu Sadik: Allah gafarta Malam, wannan na karɓa. Amma har yanzu tambayata ta farko na nan. Ta yaya talaka zai gane aikin gaskiya da na neman kuɗi?

Likitan Mabera: Tambaya mai kyau. Ka ce a faɗa maka dalili da Hausa, a kuma rubuta shi a kati. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: ɗa a gicciye, mabiyiya ta tare hanya ko ta ɓanɓaro kafin lokaci, kai ya ƙi saukowa duk da naƙuda mai ƙarfi, cibiya ta riga ɗa fitowa, bugun zuciyar ɗa na raguwa, jijjiga alhali haihuwa ba ta kusa ba, an taɓa yin aiki biyu ko fiye, ko an taɓa ɗinkin yoyon fitsari. Wanda ya kasa faɗa maka dalili sai “kawai ya fi sauƙi”, to ka yi shakka.

Sannan ka raba abu biyu. In tun wurin awo aka ce za a yi aiki, yawanci sai wajen sati 39 ake yi, kana da makonni. Ɗauki katin da hoton sikanin ka kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, wani likitan ya duba. Ba wanda zai ji haushi, in ma ya ji matsalarsa ce. Amma in ana cikin naƙuda aka ce jini, ko cibiya, ko zuciyar ɗa, nan mintoci ake ƙirgawa. Ɗaukar ta a zaga gari neman ra'ayi na biyu shi ne kisan.

Ɗan Sabon Birni: Wai ina labarin tiyata kyauta da aka yi ta sanarwa a rediyo?

Likitan Mabera: Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ne ya sanar a watan Nuwamban 2024, don mata marasa ƙarfi, ta hannun Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, a asibitocin da aka tantance. Ba kowane asibiti ne ke ciki ba, don haka wurin awo ake tambaya tun da wuri, ba daren naƙuda ba. Akwai kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, da ta hana a ƙi duba mai larurar gaggawa bisa kowane dalili. Amma ni dai ina gaya wa mazan da ke rako awo su riƙa ajiye wani abu a gefe. Ko aikin kyauta ne, mota ba kyauta ba ce, abincin mai jinya ma haka.

Amaryar Gagi: Ina ta karantawa gabana na faɗuwa. Cikina na fari ne, wata takwas, an ce ɗan zaune yake da ɗuwawu, in bai juya ba aiki za a yi. Anti Maman Ilham don Allah yaya abin yake? An ce allurar baya na bar wa mutum ciwon baya har abada.

Maman Ilham: Ƙanwata kwantar da hankalinki. Za a hana ki cin abinci tun dare. Da safe a sa miki ƙarin ruwa da robar fitsari, wannan robar ta fi ba ni haushi a kan komai. A ɗakin tiyata sanyi ne kamar me. Za a zaunar da ke a ce ki rungumi matashi ki lanƙwasa baya, ki ji ɗan tsini, sai ƙafafu su yi ɗumi su yi nauyi, ki nemi ɗaga su ki kasa. A kafa ƙyalle a gaban ƙirjinki. Idonki biyu, kina jin hirarsu, ni har labarin ƙwallo na ji suna yi ina ta salati. Ba zafi, sai dai ki ji ana ja ana turawa. Kafin ki gama Ƙulhuwallahu ƙafa goma sai kuka. A zagayo da shi a nuna miki, a ce duba, mace ko namiji. Ɗinkin ne ke ɗaukar lokaci. Zafin gaske sai allura ta sake ki, ki nemi magani kar ki yi ta maza. Washegari za su tashe ki tafiya, za ki tsine musu a zuci, amma ki tashi. Kwana uku ko huɗu kina gida. Yankan a kwance yake can ƙasan mara, zane na rufe shi.

Likitan Mabera: Hajiya ta gama bayani, sai in ƙara kaɗan. Tashin da ake matsa wa mai jego don kar jini ya daskare a jijiyar ƙafa ne. Allurar baya na iya sa ciwon kai na 'yan kwanaki ga wasu ƙalilan, wurin allurar ya yi tsami kaɗan, amma ciwon bayan da ke daɗewa yawanci na ɗaukar ciki ne da goyo da sunkuyo, masu haihuwa da kansu ma suna yi. Kuma Amarya, da sauran lokaci, da yawa kan juya kafin sati 36. Wani lokaci likita kan iya juya shi ta waje a asibiti. Kar dai a bari wata ta murza miki ciki a gida.

Sai maganar Inna ta tsayawa a haihuwa uku. Inna, ba wata doka da ta ce uku. Akwai masu huɗu, akwai masu biyar. Gaskiyar ita ce kowane aiki na ƙara haɗari a kan na baya: kayan ciki na mannewa, mabiyiya na iya kafewa a kan tabon ta ƙi fita. Shi ya sa wanda ya buɗe ya gani da idonsa ne ke ba da shawara, kuma ba a ɗaure mahaifa sai da yardar mai ita. Wadda aka yi wa sau ɗaya ma, in yankan kwance ne kuma dalilin farko bai dawo ba, kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka gwada suna haihuwa da kansu. Sharaɗi biyu ne: tazarar aƙalla shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin wani cikin, da kuma haihuwa a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini. Don tabon kan buɗe ga kamar mace 1 cikin 200, in ya buɗe kuma ba ya jiran mota.

Sista Mai Dare: Wannan na ƙarshen a ja masa layi. Waɗanda suka fi tayar mini da hankali su ne masu tabo da ke ɓuya. An yi mata aiki a na fari, ta sha gori, ciki na biyu sai ta ƙi zuwa awo gaba ɗaya don kar a sake cewa aiki. Ta zauna gida ta nuna wa kishiya ita ma mace ce. Wata ta dace. Wata a kawo ta ciwon naƙuda ya ɗauke ɗif, ciki ya yi taushi, kana taɓa gaɓoɓin ɗa a ƙarƙashin fata. Nan sau da yawa mahaifar ce gaba ɗaya ake cirewa don a tsirar da ita. Ga haihuwar da ake wa kwaɗayi ta tsaya a ɗaya.

Inna ta Kanwuri: To na ji. Wankan jego hwa? Ku ce shi ma a bari?

Sista Mai Dare: Inna ba mu ce a bar wanka ba. A yi da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki. Tafasasshen ruwa da ake fyaɗawa da ganyen darbejiya, ban da shi a kan ciki, haka gasa ciki da tsumma da ɗaure shi tamau. Wurin ɗinki a bar shi a bushe. In ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa ko wari, ko zazzaɓi ya zo, a dawo, kar a barbaɗa komai. Daka da ɗaukar bokiti a ɗaga mata har sati shida. Nono kuwa tun ranar a sa yaro, dakashin nan da ake matsewa a zubar shi ne maganinsa na farko.

Likitan Mabera: Kunun kanwa ma a sassauta, Inna, balle ga wadda hawan jini ko jijjiga ya kai ta tiyata. Gishirin da ke cikin kanwa na tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya kaya. Yankinmu na cikin inda ciwon zuciyar masu jego ya fi yawa a duniya. Wani bincike da aka yi nan Sakkwato aka buga a 2007 ya samu kusan mace 1 cikin haihuwa 100. Mai jegon da ƙafa ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, asibiti za a kai ta, ba ƙarin wuta za a yi ba.

Amaryar Gagi: Allah gafarta Malam, wadda aka yi wa aiki tana da jinin biƙi? Yaushe za ta fara salla?

Malam na Gidan Igwai: Tana da shi, 'yata. Jinin da ya biyo bayan haihuwa biƙi ne, ko ta wace hanya ɗan ya fito. Ranar da ya ɗauke ta yi wanka ta yi salla, ko da kwana goma ne, ba sai ta cika arba'in ba kamar yadda mata ke ɗauka. Iyakarsa a mazhabarmu ta Malikiyya kwana 60. In likita ya ce kar ruwa ya taɓa wurin, ta wanke sauran jiki ta shafa a kan bandejin. Tsayuwa in ta gagara ta yi a zaune.

Baba Direba: Ku dai kun manta jini. Sau nawa nika kai mace, a ce leda biyu, maza shidda sun rako ta, kowa ya ce shi bai ci abinci ba, wani ya ce jininai kaɗan na. Sai a koma neman masu saidawa a bakin get. Ni da tsuhwana na taɓa miƙa hannu ga matar da ban san sunanta ba.

Abu Sadik: Baba wannan kam mun ji kunya. Ni har yanzu ina nan kan bakana cewa a sa ido kan wasu asibitocin kuɗi. Amma jini, a rubuta ni. Ban ma san rukunin nawa ba.

Likitan Mabera: Gwajin ba ya cin minti goma. Namiji lafiyayye na iya bayarwa duk bayan wata uku, leda ɗaya bai kai rabin lita ba. Wanda matarsa ke awo ya bayar tun yanzu a ajiye, kar ya jira daren.

Shugaban Zaure: To na buɗe jeri. Duk mai niyya ya turo mini suna da unguwa da rukunin jini ta gefe, kar a zuba lambar waya a nan. Masu O negetif musamman ku fito, ku ne ake wahalar samu. Baba Direba, kai kuma ka haɗa mu da direbobi biyu ko uku na tashar Illela da ta Tambuwal waɗanda ba su kashe waya da dare.

Baba Direba: Akwai su. Amma a gaya musu wa ka biyan mai, don shi na tambaya ta hwarko da za su yi min.